Duwan Ɗin Cikina

Lokotoro ta shafa mini wani sanyi a ciki,
ta danna ƙarfenta ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
ta juyo mini da allo.
"Malam Nomau, ka ga farin nan?
Hantarka ce ta yafa bargon kitse."

Ta tambaye ni giya.
Ni? Shekara ashirin da shida ina jan kamiyo,
albasar Galmi daga Tawa har Kwatano,
ko warinta ban bari ya shiga motata ba.

Ta ce, "To me kake ci a hanya?"
Na lissafa mata kamar mai ƙirga buhuna:
burodi da mayonez tun asuba,
shayi zubi uku, sukari har cokali ya tsaya,
shinkafa fara tas, mai yana iyo a kai,
lemun kwalba mai raɓa
duk inda na taka birki.

Sai ta ajiye biro.
"Ashe ba kai kaɗai ke cin wannan ba.
Akwai fasinja a hanjinka,
sun fi tsabar geron rumbu yawa,
ido bai ganin su, ba su biyan kuɗin mota,
amma loma ba ta wucewa sai sun taɓa.

Waɗansu masu gyaran danga ne.
Ba su dusa, ba su ganye, ba su wake,
su yi ta toshe ɓarakar hanji dare da rana.
Waɗansu kuwa 'yan zaƙi ne.
Ka zuba musu sukari, su hayayyafa,
su kori maƙwabta,
wasu har tukunya suke ɗorawa
su dafa maka abin da ka rantse ba ka sha ba."

Na ce, a'uzu billahi.
A cikin cikin da nake kai wa masallaci?

Ba ta yi dariya ba. Ta ja layi a takarda.
"Daga hanji zuwa hanta gudiro ɗaya ne,
ba ratse, ba kwana.
In danga ta ɓalle, datti ya hau hanya.
Hanta ita ce duwan:
ta tsayar, ta buɗe, ta bincika.
Abin da ta rasa yadda za ta yi da shi
sai ta jibge a magaza."

Wannan na gane.
Na taɓa kwana tara a iyaka
ina kallon magazar da ta cika har ƙofa,
ma'aikata na tsallake kaya
suna neman wurin aza ƙafa.
Ba wanda ya ji kukan ginin.
Haka hanta, in ji ta, ba ta ƙara
sai aiki ya yi nisa.

Da yamma na dawo gida.
Hajo na bakace a tsakar gida,
tsaba gefe guda, dusa gefe guda.
Ta kwashi dusar ta kai wa rago.
Na tsaya ina duban shi,
gashi na sheƙi, ido garau.
Shekara nawa ke nan
muna ba dabba rabon masu gyaran dangata?

Na ce, "Hajo, rage surfen nan."
Ta dube ni kamar na ce a aske wa kaza.

Yanzu wata huɗu.
Aparantina Illa yana mini ba'a a tasha,
wai maigida ya koma akuya,
zogala da ƙuli, ɗanwake, fura ba sukari,
nono mai tsami daga ƙwaryar Igge.
In an sauke kaya nakan zaga tabkin Babaye da ƙafa
har gumi ya jiƙa wuyan riga.

Ban ce na warke ba.
Sai bayan girbi za a sake duba allon.
Kwalbar nan kuma, in rana ta take,
har yanzu tana kirana da sunan yanka.

Amma in na kai loma baki
nakan ɗan dakata,
yadda nake yi a mararrabar Tsarnawa,
in tambayi kaina
wa nake ɗauka yau,
wa nake bari a gefen hanya.